Wai Ɗan Ne Ke Nema

A gidanmu na birnin Zariya, kwaɗayi laifi ne da ake dukan yaro a kansa. In ka yi ƙarya, wani lokaci a yi maka faɗa a ƙyale ka. Amma a ce an gan ka tsaye a ƙofar ɗakin wata kana bin hannunta da ido tana cin abinci, ko an aike ka maƙwabta sun miƙo maka loma ka karɓa, to ranar sai ka yaba wa aya zaƙinta. Tun kafin mu san mene ne ƙoshi aka koya mana cewa "na ƙoshi". In baƙo ya rage nama a kwano, ba mai duban wajen sai wanda aka kira da suna. Kakarmu, wadda kowa a gidan ke kira Inna, ba ta gajiya da faɗin kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma ba ta ƙarasa karin maganar, sai ta tsura mana ido mu ƙarasa da bakinmu.

Mutum ɗaya ce wannan doka ba ta hau kanta ba, ita ce mace mai ciki.

A kan matar Baffa na fara ganin haka, wadda muka ci gaba da kira Amarya har ta aurar da 'ya'ya. Ni ce 'yar aikenta, don ina da sauri kuma ba na cin canji. Da cikin fari ya shige ta, laulayi ya sa ta a gaba, ko ƙamshin tuwo ta ji sai ta nufi bayan ɗaki da gudu. Abin da take so daban ne. Ɗanyen mangwaro wanda ko ƙwallo bai gama yi ba, a yayyanka shi a barbaɗa gishiri da barkono. Tsamiya ta yini tana tsotsa har harshenta ya tsage. Ƙanzon tukunya a jiƙa shi, a zuba man gyaɗa da yaji. Kwaɗon rama, amma kada a wanke ramar sosai, tsamin take nema. Yau ta ce goruba, in na sha rana na samo, ta ɗan gurgura ta ajiye ta ce ai kanya take nufi.

Wata ranar da ba na mantawa, ƙamshin daddawa ya hauro katanga daga gidan bayanmu, Amarya ta zauna a tsakar gida tana share hawaye, wai ita wannan miyar take so. Inna ba ta ce mata uffan ba. Ta ɗauko ƙaramin kwano ta miƙo mini.

"Je ki ce ina gaishe su, a ɗan sam mana miya, muna da mai lalura."

Na tsaya ina kallonta. Gidan nan fa shi ne wanda aka taɓa zane ni don na ci ɗanwake a cikinsa. Matar gidan da ta ji saƙon ta yi dariya, ta cika kwanon har da tsokar nama biyu, ta ce a ce da Amarya Allah ya raba lafiya. Daga ranar, duk abin da suka girka mai ƙamshi sai ga yarinya da kwano a rufe, ba tare da an roƙa ba. Haka unguwar take, ba a bar wa mai ciki abu a rai.

Wanda ya kawo gardama shi ne farar ƙasa. A kasuwar birni, wajen tsofaffin da ke kasa kanwa da kayan yaji, nan nake sayo mata ta kwabo biyar, ta ƙulle a bakin zane tana gutsura a ɓoye. In ta ƙare kuma ba ni kusa, sai ta yayyafa wa bangon ɗakinta ruwa ta tsaya tana shaƙa, daga nan ta sa farce ta ɓanɓaro. Ranar da aka yi ruwan farko na shekarar, ƙamshin ƙasa ya tashi, kamar ta yi hauka. Baffa ya shigo ya ga inda aka rarake bango kusa da ƙafar gado, ya fito ransa a ɓace.

"Inna, wannan fa shagwaɓa ce kawai. Mutum ya bar tuwo ya koma cin gini?"

"Kai da ba ka taɓa ɗaukar ciki ba, ja bakinka ka yi shiru. Ba ita ba ce, ɗan ne ke nema."

Na yi shekaru ina koyar da ilimin halittu a makarantun 'yan mata, kuma duk ajin da muka zo darasin abinci sai wata ta ɗaga hannu ta yi mini tambayar nan ta wata siga: Malama, in mutum ya ji yana son abu har ya kasa sukuni, jikinsa ne ya rasa wani abu, ko ransa ne kawai? Ashe gardamar Inna da Baffa ce masana suka daɗe suna yi da manyan kalmomi. Kuma a kan farar ƙasa dai, Inna ta fi ɗanta kusa da gaskiya.

Yanzu da nake waiwaye, alamun duk suna nan. Tafin hannun Amarya ya yi fari fat. In ta ja guga biyu a rijiya sai ta zauna tana haki. Da aka matsa mata ta fara zuwa awo, malamar asibiti ta ja fatar idonta ƙasa ta duba, ta ce jininta ya yi ƙasa, aka haɗo ta da jajayen ƙwayoyin ƙarin jini. Bayan 'yan makonni aiken farar ƙasa ya ɗauke, ba wanda ya hana ta, ita ce ta daina nema. Likitoci sun daɗe da lura cewa masu cin ƙasa da alli da gawayi da ɗanyar shinkafa, da yawansu sinadarin ayon ne ya yi ƙaranci a jikinsu, wanda da shi ake gina jini. Kuma ba ƙaramar matsala ba ce a wajenmu: babban binciken lafiyar al'umma da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 58 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini.

Sai dai ga inda maganar take da ƙulli. Matan yanzu da suka tashi da firji a gida, da yawansu ba ƙasa suke ci ba, ƙanƙara suke tauna, ƙurus-ƙurus, kofi bayan kofi, ko da sanyin hunturu. Ita ma an tabbatar tana tafiya da ƙarancin ayon, kuma in aka ba mutum magani takan fita daga ransa tun kafin jinin ya gama cikowa. To ƙanƙara ruwa ce zalla, ba ta da ayon ko na ƙwayar zarra. Farar ƙasar ma ba ta ba jiki abin kirki, hasali ma wata irin takan riƙe ayon ɗin da ke cikin abinci ta hana hanji tsotsewa. Da jiki ya san abin da yake so da gaske, da hanta zai sa mai ciki ta nema, ko wake, ko zogale. Jikin kamar ɗan aiken da aka tura da saƙo na gaskiya ne, ya manta sunan abin a hanya, ya dawo da abin da idonsa ya faɗa a kai.

Wata masaniya Ba'amurkiya, Sera Young, wadda ta zauna da mata masu ciki a tsibirin Pemba na Zanzibar, ta fitar da littafi sukutum a kan cin ƙasa a 2011. Ita a ganinta ƙasar kariya ce: tana shafe bangon hanji, ta riƙe wasu gubobi da ƙwayoyin cuta, ta kwantar da tashin zuciya, shi ya sa masu laulayi da ƙananan yara a ƙasashe masu zafi suka fi cin ta. Maganar ta shige ni, don na ga yadda aman Amarya ke lafawa in ta gutsura. Amma ba zan ce wa kowa ta ci ba. A 2009 hukumomin lafiya a Amurka sun yi gargaɗi a kan irin wadda ake kai musu daga Afirka ta Yamma, wadda Inyamurai ke kira nzu, bayan an sami dalma a cikinta. Wanda ya ji abin da gubar dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010 ba ya buƙatar dogon bayani.

Inda jiki ke kiran abu da sunansa ba kuskure, bayan ruwa, gishiri ne. Wannan ko akuyar gidanmu ta sani, wadda ke yini tana lasar gindin katanga inda gishirin ƙasa ke fitowa fari-fari. Duk wanda ya taɓa kiwon ragon layya ya san ana jefa kanwa a ruwan dusa, kuma kanwa dangin gishiri ce. Ciyawa ba ta da wadataccen gishiri, shi ya sa dabbar da ke rayuwa a kanta take neman sa ido rufe. A kan wannan buƙata ayarin raƙuman Azbinawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna keta hamada zuwa Bilma, su ɗauko kantu su gangaro da shi ƙasar Hausa. Har gobe, in damina ta zo ƙarshe, Buzaye da Bororo na kora dabbobinsu zuwa Ingal a Jamhuriyar Nijar don su lashi ƙasa mai gishiri su sha ruwanta.

A mutane ma an gani. A 1940 wasu masana biyu a birnin Baltimo na Amurka, Lawson Wilkins da Curt Richter, suka ba da labarin wani yaro da ya fara lashe gishirin da ke jikin biskit tun yana shekara ɗaya. Da ya yi wayo sai ya riƙa nuna inda ake ajiye gishiri yana kuka har sai an ba shi, ya ci shi gaya. Yana da shekara uku da rabi aka kwantar da shi a asibiti don a binciki wata matsala, aka sa shi a kan abincin da ake ba kowane yaro, ba a bar shi ya ci gishirinsa ba. Cikin mako guda ya rasu. Da aka duba sai aka tarar wasu 'yan gaɓoɓi biyu da ke ɗare a kan ƙoda, waɗanda ke sa jiki ya riƙe gishiri, sun lalace, gishirin yana bin fitsari yana fita. Yaron da kwaɗayinsa yake riƙe da ransa. Duk shekarar da na ba ɗalibai wannan labari sai ajin ya yi tsit, sannan wata ta ce, "To Malama, ashe in na ƙara magi a abinci jikina ne." A'a, 'yar nan. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi kada babba ya wuce giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokali ɗaya, kuma yawancin mutanen duniya suna cin kusan ninki biyu. Wannan sabon harshe ne, shi ke cika layin masu hawan jini.

Masu goyon bayan Inna suna da wata hujjar da suke so ƙwarai. Wata likitar yara a Amurka, Clara Davis, daga shekarun 1920 zuwa na 1930, ta riƙa jera wa jarirai 15 da aka yaye abinci iri-iri, fiye da kala talatin, ta bar kowa ya nuna abin da yake so. Suka tashi lafiya lau, har wani mai ciwon lanƙwashewar ƙashi ya riƙa shan man hantar kifi da kansa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a faifan nata babu sukari, babu alawa, babu soye-soye. Nama ne da ƙwai da madara da hatsi da ganye da 'ya'yan itace, duk wanda yaro ya zaɓa bai faɗi ba. A sa tuwon madara da gullisuwa a faifan a gani.

Ni kuwa makarantar kwana ce ta fara nuna mini ɓangaren Baffa, ko da yake ba shagwaɓa zan kira shi ba.

Ba za a ce an bar mu da yunwa ba. Da safe koko, da rana wake da shinkafa ko wake gaya da 'yan ƙwarinsa suna iyo, da dare gabza da miyar kuka tsululu wadda kana iya hango gindin kwano ta cikinta. Ciki yana cika. Amma da an kashe fitila a ɗakin kwana, sai a buɗe wata kasuwar. Daga can ƙuryar ɗaki wata za ta ja dogon numfashi ta ce, "Wayyo gurasa." Shi ke nan an taɓo mu. Bakanuwar nan za ta kwatanta yadda ake yayyafa wa gurasa ruwa, a barbaɗe ta da ƙuli, a zuba mai da albasa da tumatir, tana yi tana haɗiyar yawu muna ji. Basakkwaciya ta ce duk wannan wasa ne, ita a dama mata fura da kindirmo a sabuwar ƙwarya. Wata 'yar Barno ba ta da zance sai burabusko. Ƙawata 'yar Kafancan acca take kira. Akwai Bayarabiya ɗaya haifaffiyar Sabon Gari, Hausa a bakinta kamar jakar Kano, amma in dare ya yi amala take mafarki. Ni kuwa, da na buɗe baki sai ɗakin ya ɗauki dariya tun kafin in faɗa, don sun san Bazazzagiya ba ta wuce fate. Kuma gaskiyarsu. Faten tsaki nake so, mai rama da yakuwa da gyaɗa, wanda a gida in an yi har ƙunƙuni nake yi.

Tukunya ɗaya muke ci, wata da watanni. In akwai abin da gabza ta rage mu da shi, ai tare ta rage mu. Me ya sa ƙarancin bai kira abu ɗaya a bakinmu duka ba, sai kowa ta kira tukunyar uwarta?

Ranar ziyara kuwa sallah ce. Akwatunan ƙarfe su cika da garin kwaki da ƙuli-ƙuli da yaji da cincin, mai gata har da dambun nama a gwangwanin madara. Ki ga yarinyar da ubanta ke da motoci ta jiƙa kwaki da sukari tana sha tana lumshe ido. Da an yi hutu an koma gida, ko kallon kwakin ba ta yi. Mu da muka yi wannan zamani, har yau in muka haɗu a biki sai wata ta ce ita fa wani lokaci waken makaranta take marmari, ƙwarin da duka, a yi ta dariya, amma ba wadda ke ƙaryata ta.

Abin da muka gani a ɗakin kwana, wata mai bincike a Filadelfiya, Marcia Pelchat, ta gwada shi da gangan. Ta sa matasa suka yi kwana biyar ba su cin komai sai wani abin sha guda ɗaya da aka haɗa masa duk abin da jiki ke buƙata. Ba abin da suka rasa, amma kwaɗayinsu ya ninka. Da ita da abokan aikinta suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane a 2004 lokacin da suke tunanin abincin da suka fi so, cikin wuraren da suka motsa har da sashen da ke ajiye tunanin abin da ya wuce. Maimaici da hani da tuna baya, su ne itacen wutar.

Azumi ma shaida ne, kowa ya sani. Da la'asar sakaliya mutum zai zauna ya jera abin da zai ci: kunun tsamiya, ƙosai, dankali da ƙwai, farfesu, zoɓo, kankana, a ƙaro tsire. A sha ruwa, ya ci dabino uku, ya kurɓi kunu, ya ɗauki ƙosai biyar, sai ya jingina da bango yana kallon sauran. Ƙishi da yunwar gaskiya ne, dogon jerin kuwa ido ne ya rubuta. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a jami'ar Minesota, Ancel Keys ya tara samari 36 da suka ƙi ɗaukar makami saboda aƙidarsu, suka yarda a rage musu abinci kusan rabi har wata shida, don a san yadda za a farfaɗo da mutanen da yaƙi ya bari da yunwa. Sun zube, kowa ya rasa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ƙarti suka koma tara littattafan girke-girke da cokula, suna karanta yadda ake miya har tsakar dare, wasu suna cewa in an gama aikin kuku za su kama. Ɗakin kwananmu ke nan, sai dai nasu ya fi tsanani.

Sannan akwai abin da tsada ke ɗaura wa rai. Waɗanda suka yi wayo a 1984 suna tuna zamanin layi, lokacin da madara da sukari da sabulu suka zama sai an yi dogon layi a rana soja na tsaye da bulala. A 1987 gwamnati ta hana shigo da alkama, burodi ya yi tsada ya kuma ƙanƙance. Ni da na tashi a kan koko da ƙosai, burodi bai taɓa damuna ba, sai a shekarun nan. Ina kwaleji, in na wuce teburin mai shayi na ga yana yanka burodi yana shafa bota, yana ɗaga kofi sama yana sheƙa shayi mai kauri, sai ƙafata ta yi nauyi. Ba abin da ke cikin burodi wanda babu a masa ko gurasa. Da aka ɗage hanin ya wadata, sai ya koma abin da yake a da.

Turawan Amurka nasu abin cakulan ne, musamman mata, har aka yi ta yaɗa cewa wani sinadari ne a cikinsa jiki ke nema. A 1994 Paul Rozin da Michener a jami'ar Pensilbaniya suka raba wa masu wannan kwaɗayi akwatuna a rufe, in abin ya motsa su buɗe ɗaya. Wani akwatin cakulan ne sosai, wani farin cakulan ne wanda ba shi da sinadaran da ake magana, wani kuma kafso ne da aka ɗura wa garin da ake yin cakulan da shi, sinadaran duk suna ciki amma ba ɗanɗano. Cakulan ya kashe kwaɗayin, farin ya rage shi, kafson kuwa bai fi kafson banza ba. Baki ne ke so, da hanci. Da aka tambayi mutane a Masar abin da suke kwaɗayi, kaɗan ne suka ambaci cakulan, abinci mai gishiri da nama suka fi kira. A Japan mata da yawa shinkafa suka ce. Amarya ta yi ciki bakwai, ban taɓa jin ta nemi cakulan ba, don ba ta san shi ba.

Shekarar da Allah ya nufe ni da sauke farali na ga ƙarshen abin. Ga abinci a Makka har ya yi yawa, kaji da shinkafa mai ƙamshi da tuffa da inabi, wasu ma kyauta ake rabawa a bakin hanya. Amma ba a yi mako ba tsofaffin ɗakinmu suka fara ramewa. Wata Hajiya daga wani ƙauyen Soba ta ture kazar gabanta ta ce ita tun da ta zo ba ta ci abinci ba. Jakunkuna suka fara buɗewa, sai ga garin kuka, ga busasshiyar kuɓewa, ga daddawa an naɗe ta cikin leda bakwai don kada ta tona asiri a filin jirgi. Waɗanda ba su yi guzuri ba suka bi lunguna neman masu tuwo-tuwo, 'yan'uwanmu mazauna can, suka sayi malmala da riyal masu yawa suna godiya. Na yi musu dariya kwana biyu, rana ta uku ina cikin layin. Tuwon bai kai na gida ba, miyar ma ta sha ruwa, amma da na kai loma ta farko sai da na ji wani abu ya sauka daga ƙirjina. In aka auna a ma'aunin masana abinci, kazar da muka ture ta fi shi komai.

Miyar kukar Inna kuwa na daina neman ta. Na sayi kuka daga inda take saye, na sa an kawo mini daddawar ƙauye da man shanu na gaske, na sauke girkin daga kan gas na koma murhu da tukunyar ƙasa, ta yi daɗi, ba ita ba ce. Yayata ta ce hannun ne ya bambanta. Ni ina ganin har da mu da muke zagaye da akushin, da yunwar yaran da suka yini suna wasa, da faɗan wa ya ja nama gabansa. Irin wannan kwaɗayin ba na jin kunyarsa, ba kuma na ɗora wa jini ko ƙashi laifinsa. Abin da dai nake gaya wa 'ya'yana mata da surukaina shi ne, wadda ta ji ƙasa ko gawayi ko ƙanƙara na kiran ta, kada ta tsaya gardamar ɗa ne ko rai ne, ta je a auna jininta. Wadda kuma ta tashi mijinta da tsakar dare neman balangu, Allah ya ba shi haƙuri, ya sa takalmi.

Yaran yanzu nasu daban. Indomie ba ta fi shekara talatin da ɗoriya a ƙasar nan ba, a tsakiyar shekarun 1990 aka fara yin ta a Ota ta jihar Ogun, amma ta riga ta shige ran yara yadda fate ya shige nawa. Kwanan baya aka kawo mini jikata hutu, kishiyar tawa, ta kwanta zazzaɓi. Da ta fara samun sauƙi na dama mata kunun gyaɗa, na yi mata fate mai rai da lafiya, ta kalle shi ta juya fuska bango.

"Hajiya, ni Indomie nake so, da ƙwai, irin ta mai shayin layinmu."

"Ke kishiya, ta mai shayi kuma? Ga ta a kwali in dafa miki."

"Taki ba ta yin daɗi. Kuma Mama ta ce in mara lafiya ya nemi abu, jikinsa ne yake so."

Layin nasu yana Kaduna. Na aiki yaro wajen mai shayin bakin titinmu, na ce a juye a kwanonmu kafin a shigo da ita. Ta cinye tas, ta ce ta ɗan yi kama, amma nasu ya fi sa attaruhu.